Ku Tambayi Malam: Masaukin gindin dutse, daga Wales zuwa Kwatarkwashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ɗana yana karatun digiri na biyu a Jami'ar Bangor da ke Birtaniya. Watan jiya ya turo mini hotuna ta WhatsApp, shi da abokansa sun hau wani dutse, sun kwana a wani tsohon gida da ke gindinsa. A hoto ɗaya ma rufin ɗaki ya ɗauka, duk an yi masa rubutu, ya ce wai sa hannun mutanen da suka fara hawa dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya ne. Sunan gidan da ya rubuto shi ne Pen-y-Gwryd. Malam, wane irin gida ne wanga? Me ake samu a bisa dutse da har mutum zai ajiye littafi ya je ya wahalar da ransa? Uwarsa ba ta rintsa ba a daren. Kuma an ce mini ana sayar da giya a irin gidajen nan. In hana shi, ko in ƙyale shi?

Daga wani uba, Tudun Wada, Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya shi, ya sa ya gama lafiya ya dawo muku da abin alheri. Ku fara gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, yaron nan bai yi muku ƙarya ba, kuma ba wani mugun wuri ya je ba.

Gidan yana arewacin Wales, a daidai inda hanyoyi uku suka haɗu, ta Llanberis da ta Capel Curig da ta Beddgelert. Daga Bangor bai kai tafiyar awa guda a mota ba. Dutsen da ke kansa Turawan Ingila na ce masa Snowdon, masu ƙasar kuma Yr Wyddfa. Tsawonsa mita 1,085, babu wanda ya kai shi a Wales da Ingila. Amma kada adadin ya tsorata ku, Chappal Waddi namu na jihar Taraba mita 2,419 ne, ya ninka shi har da ɗoriya. Tun 1896 akwai ƙaramin jirgin ƙasa da ke hawa da mutane daga Llanberis har kusa da ƙololuwa, kuma fiye da mutum rabin miliyan ke hawan dutsen a shekara, har da tsofaffi da 'yan makaranta.

Asalin gidan na manomi ne, an gina shi wajen 1810, daga baya aka riƙa saukar da matafiya a cikinsa. A 1847 wani mai suna Harry Owen ya karɓe shi, ya riƙe shi da matarsa fiye da shekara 40. A zamaninsu ne masu sha'awar hawan dutse suka mayar da wurin matattara. Suka ajiye wani littafi na musamman mai makulli, wanda duk ya bi wata sabuwar hanya a jikin dutsen sai ya zo ya rubuta inda ya bi, inda ya sha wuya, da inda ya kamata na bayansa ya yi hattara. Daga zaman hirar da ake yi a gidan ne aka haifi ƙungiyar masu hawan dutse ta Climbers' Club a 1898, kuma tana nan har gobe.

Rubutun da ɗanku ya gani a rufi na ayarin da ya fara hawa Everest ne a 1953, wato dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya. A farkon shekarar, kafin su tashi zuwa Nefal, mutanen Birtaniya da ke cikin ayarin Kanar John Hunt sun sauka a wannan gida suna gwada kayansu a duwatsun da ke kewaye, musamman tukwanen iskar shaƙa da ake goyawa a baya. Dalili kuwa, a saman Everest, mai tsawon mita 8,848, iskar da huhu ke samu kusan kashi ɗaya ce cikin uku na wadda muke shaƙa a nan ƙasa. Ran 26 ga Mayu mutum biyu, Tom Bourdillon da Charles Evans, suka kai gab da ƙololuwa, ƙarfi da iska suka gaza musu, suka juyo. Ran 29 ga wata Edmund Hillary mutumin Niyu Zilan da Tenzing Norgay ɗan ƙabilar Sherpa suka taka ta. Labarin ya bazu a Landan ran 2 ga Yuni, ranar da aka naɗa wa Sarauniya Elizabeth ta biyu kambi. Bayan sun dawo, 'yan ayarin suka riƙa taruwa a gidan shekara da shekaru, suka sa hannu a rufin wani ɗaki. Ku gaya wa ɗanku wani abu da watakila bai sani ba: Charles Evans ɗin nan da ya juyo, likita ne, kuma shi ya shugabanci makarantar da ɗanku yake karatu a Bangor daga 1958 zuwa 1984. Ke nan hawan dutse bai hana shi karatu ba. Ni a wurina ma juyowar da ya yi ta fi hawan burgewa, don wanda ya san lokacin komawa shi ake kira gwani a wannan harka.

Abin da nake so ku lura da shi, Alhaji, gidan nan ba gini ne ya yi masa suna ba. Ku sake duba hotunan: bangon dutse ne, ƙananan tagogi, kujerun katako, murhun jin ɗumi. Otal-otal nawa ne a Abuja suka fi shi kyau nesa ba kusa ba? Mai masaukin ne ya yi masa suna. A 1947 wani Chris Briggs ya karɓi gidan, ya mayar da shi cibiyar ceto. In dare ya yi wani bai sauko ba, shi zai tashi baƙi da ma'aikata, a ɗauki fitilu da igiya da makarar ɗaukar mai rauni a bi sawu. Ya yi shekaru yana wannan aiki, kuma gidan ya ci gaba a hannun zuriyarsa. An san gidan da buga kuge in abincin dare ya sauka, baƙi su hallara lokaci guda. A nan ne wanda ya zo yau zai ji daga bakin wanda ya sauko ɗazu cewa hanya kaza ta yi santsi, gefe kaza hazo ya rufe.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake da suka riƙa tasowa daga Kano, su ratsa ƙasar Zamfara, su yada zango a Jega, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, su bi ta Borgu har Salaga a ƙasar Gwanja neman goro, ba ɗaki kawai suke nema in sun sauka ba. Fatoma suke nema, mutumin da zai ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu shaida in an yi bashi, ya gaya wa madugu wane rafi ne ya cika, wane daji ne ke da 'yan fashi. Unguwannin da ake kira Zango a Kumasi da Akara duk daga nan suka samo asali. Aikin da fatoma ya yi wa bafatake shi Owen da Briggs suka yi wa mai hawan dutse.

Kuka ce me ake samu a bisa dutse. Ba a samun kuɗi, wannan gaskiya ne. Amma ku tambayi duk alhajin da ya daure ya hau Jabalin Nur ya leƙa Kogon Hira, ya juyo ya hangi Makka a ƙarƙashinsa, ko ya yi nadamar gumin da ya zubar. Allah da kansa ya ja hankalinmu a Suratul Gashiya mu dubi duwatsu yadda aka kafa su. Ban da wannan, ku tuna halin da yaron ke ciki. Yana ƙasar da a watan Disamba rana ke faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma, ga sanyi, ga kaɗaici, ga zama gaban kwamfuta daga safe har dare. Yara da yawa da muke turawa can damuwa ce ke kayar da su tun kafin jarrabawa. Wanda ya sami abokan da za su fita da shi ya motsa jini, ya sha iska, ya dawo ya yi barci mai nauyi, ni ina ganin abin godiya ne.

Haɗari kuwa akwai shi, ba zan ɓoye muku ba, mutane na mutuwa a dutsen nan duk da ƙanƙantarsa. Abin da ke kashe su yanayi ne. A duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kamar digiri shida da rabi, ga iska mai ƙarfi daga teku, ga hazo da kan sauko cikin 'yan mintoci ya rufe hanya. Wanda ya jiƙe da ruwa iska ta buge shi, sanyi na iya kama jikinsa har hankalinsa ya gushe. Don haka maimakon hani, ku kafa masa sharuɗɗa. Kada ya hau shi kaɗai. Ya duba hasashen yanayi da safe, in an ce babu kyau ya haƙura. Takalmi mai ƙarfi da rigar ruwa da tocila dole ne, ko da da rana ya fita. Ya bi sanannun hanyoyi, ya bar siririyar hanyar nan ta kan tsinin dutse da ake kira Crib Goch ga waɗanda suka ƙware. In ƙanƙara ta rufe dutsen, ya jira wani lokaci. In wani abu ya faru, 999 ake bugawa a nemi 'yan sanda, a ce ana son masu ceton dutse. 'Yan sa kai ne, ba sa karɓar ko kwabo.

Batun giya gaskiya ne, gidan na da ɗakin da ake sayar da ita, kamar kusan kowane masauki a ƙasar. Mu da muka saba da Zamfara, inda tun da aka ƙaddamar da shari'a a 1999 ba a sayar da ita a fili, dole abin ya yi mana nauyi. Amma ɗakin kwana daban, wurin shan giya daban, babu wanda zai tilasta masa zama a ciki. Abin da ya fi buƙatar kulawa ma karin kumallo ne, don nasu kan zo da naman alade, har da wani baƙin curi da ake yi da jini. Ya nemi ƙwai da burodi da wake, ko kifi, ya faɗa musu tun da wuri, sun saba da masu irin wannan buƙata. In zuciyarsa ba ta natsu da kwana ba, akwai motocin haya, ya yi sammako ya hau, ya sauko ya koma Bangor ya kwana a ɗakinsa, garin ma akwai masallaci. Hukuncin zama a inda ake shan giya kuwa ku kai wa malaminku na unguwa, fagensa ne. Shawarata dai kada ku hana shi. Ku tambaye shi su wane ne abokan tafiyarsa, kuma a ina ya yi azahar ranar. Amsar da zai ba ku za ta nuna muku inda ya dosa fiye da kowane hoto.

TAMBAYA: Baba Malam, barka da aiki. Ni ɗan Kwatarkwashi ne, na gama NCE babu aiki. Tun ina yaro nake hawan dutsen garinmu, babu lungun da ban sani ba. Mahaifina yana da fili kusa da gindin dutsen, ina tunanin in yi ɗakuna na saukar masu zuwa kallo. Abokaina suna ce mini in jira gwamnati ta zo ta gina wurin shaƙatawa tukuna. Me kuka gani?

Daga wani matashi, Kwatarkwashi, ƙaramar hukumar Bungudu

AMSA: Ɗana, wasiƙarka ta kwana biyu a hannuna, sai tambayar Alhaji ta sama ta ba ni ƙofar amsa ta. Ka karanta waccan amsa da kyau, rabin taka na cikinta.

Zan fara da abin da ba ka ambata ba, don in na yi shiru na cuce ka. Hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa, wadda ta bi ta gabanku, ta sha fama da 'yan bindiga, kai ma ka fi ni sani. Muddin haka ake ciki, kada ka sa tallar da za ta jawo baƙo daga Kano ko Abuja ya zo ya kwana a gindin dutse. Wanda ka kira, amanarsa na wuyanka. Kada kuma ka ci bashi ka zuba a bulo da kwano yanzu. Wannan ba yana nufin ka naɗe hannu ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro tun 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya yi kusan shekara 10 ba a yi shi ba, amma da aka dawo da shi a 2020 mutane suka cika garin. Wurin da ke da suna ba ya rasa baƙi in lafiya ta samu, kuma dutsenku na da suna. Duk wanda ya taɓa bin hanyar ya san yadda yake tasowa gaban mota tun daga nesa, kuma an san shi da mikiya tun zamanin kakanni.

Abokanka da ke cewa ka jira gwamnati ban goyi bayansu ba. Mun ga gidajen saukar baƙi da aka gina da kuɗin hukuma aka yanke ƙyalle, bayan 'yan shekaru jemagu suka gaje su, saboda babu mutum guda da abin ya dama. Abin da mai hawan dutse ke buƙata kai kana da shi, gwamnati ba ta da shi, wato sanin dutsen. Da ɗan gari kan ci gari.

Lokacin da nake koyar da labarin ƙasa a Gusau, zamanin hanya na lafiya, mukan kai ɗalibai garinku da hunturu. Akwai wani dattijo, Allah ya jiƙansa, da muke sauka a zaurensa. Ba shi da komai sai tabarmi da randa mai sanyi da ƙwarya guda. Kafin mu tashi sai ya sa yara su jeru, ya bi ƙafafunsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Duk mai silifas ko takalmin roba mai sulɓi sai ya ce ya tsaya. Sannan kowane yaro ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya jefa a ƙwaryar nan. In mun sauko, kowa ya cire tasa. Ba ya bari a taɓa furar da ya sa aka dama mana sai ya kifar da ƙwaryar ya ga babu abin da ya faɗo. Bai yi boko ba, amma ban taɓa ganin tsarin da ya fi nasa ba, kuma shi ya nuna mini inda ɓawon dutsen ya ɗago, ka buga da sanda ka ji yana amsawa kamar ganga, ya ce kada yaro ya taka nan. Abin da nake koya musu a allo ke nan, cewa irin wannan dutse yakan yi ɓawo falle-falle yana saɓulewa, amma a bakinsa suka fahimta.

To da irin wannan za ka fara. Ka je fada ka gaida Mai Martaba ta hannun mai unguwarku, ka faɗi niyyarka, don dutsen nan na gari ne, akwai wuraren da manya ba sa son a kai baƙo, kuma dole ka san su. Ka nemi tsofaffin maharba su zama iyayen gidanka. A filin mahaifinka rumfa ta isa tukuna, da randa, da wurin alwala, da makewayi mai tsabta na maza daban na mata daban. Makewayin nan kada ka raina shi, shi ne abin da malamar makaranta za ta fara dubawa kafin ta yarda ta kawo 'yan mata. Baƙinka na farko makarantun garinku ne da na maƙwabta, da rana, su zo su koma. Ka sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, kowa ya rubuta sunansa da lokacin da ya hau da lokacin da ya sauko da abin da ya gani.

Lokacin hawa kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, a tashi bayan asuba a sauko kafin rana ta take. Da bazara, a Maris da Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40, falalen dutse ya yi zafin da zai sale tafin hannu, wannan ba lokacin kai kowa ba ne. Da damina ga santsi ga tsawa, da ka ga hadari ya haɗo ka sauko da mutanenka ba gardama. Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita biyu. Ka san kogunan da ƙudan zuma suka yi gida ka kauce musu, ka hana yara sa turare da ihu kusa da su, ka hana su cusa hannu a tsaga saboda maciji. Ka je asibitin garinku ka roƙi wani ma'aikacin lafiya ya koya maka ɗaurin karaya da abin da ake yi wa wanda rana ta buga. Saukowa ta fi hawa haɗari, don a lokacin gwiwa ta gaji, hankali kuma ya koma gida, saboda haka kai ne za ka riƙa zama a gaba, wani babba a baya.

Abinci kada ka wahalar da kanka da na Turawa. Fura da nono, hoce, dambu, ƙuli-ƙuli, su baƙo zai tuna. Ka ba matan unguwa su yi, su ma su samu. Kuɗin jagora ka yanka shi a fili, ka rubuta a allo, kada ya zama ana ciniki a tsakiyar dutse. Duk ledar ruwan da aka hau da ita a sauko da ita.

Abu ɗaya kuma da za ka iya farawa gobe ba tare da ko naira ba: ka ɗauki wayarka ka zauna da tsofaffin garinku, ka naɗi muryarsu suna faɗa maka sunan kowane kogo da kowace ƙofa da kowane tafki da ke jikin dutsen, da inda mutanen da suka zauna, da yadda ake kamun mikiya a zamaninsu. Ka kwafe a littafin nan naka da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. In ka cika shafi goma ka turo mini, zan nemi edita ya ba mu fili mu buga. Ka gaida mahaifinka.